Shin Chae-ho, Malamin Tarihin Da Ya Ƙi Sunkuyawa

Mutanen Koriya suna da wani labari da suke yawan bayarwa a kan Shin Chae-ho. Wai in zai wanke fuska da safe, tsaye ƙyam yake yi, ya ɗebo ruwa da tafi ya watsa, ba ya duƙar da kai kan kwano. Ruwan ya bi gwiwar hannu ya jiƙa masa riga sharkaf. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce muddin ƙasarsa na hannun Japan, babu inda zai sunkuyar da kansa. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, duk wanda ya bi tarihin mutumin ya san rigar ta yi masa daidai.

An haife shi a 1880 a yankin Chungcheong, a gidan malamai masu ilimi amma marasa abin hannu. Kakansa ne ya fara koya masa littattafan Sin na gargajiya, daga nan ya wuce Sungkyunkwan, babbar makarantar masu bin koyarwar Konfushiyas a Seoul. A 1905 ya kai matakin da zai iya zama babban malami ya ci albashinsa cikin rufin asiri. Sai dai a Nuwamban shekarar ne Japan ta tilasta wa Koriya yarjejeniyar da ta ƙwace mata ikon hulɗa da ƙasashen waje. Shin ya koma aikin jarida, musamman a Daehan Maeil Sinbo. Mai jaridar Bature ne ɗan Ingila, Ernest Bethell, don haka hukumomin Japan ba sa iya taɓa ta kai tsaye, kuma a inuwar wannan kariya Shin ya wasa alƙalaminsa.

Tambayar da ta dame shi ita ce: tarihin wa ake koya wa yaran Koriya? Littattafan da ya taso ya tarar jerin sarakuna ne, kuma kusan duk suna kallon Sin a matsayin uwa ma-ba-da-mama. Ga kuma malaman Japan suna yaɗa cewa Koriya ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. A 1908 ya wallafa Doksa Sillon, inda ya ce mai tarihi na gaskiya ita ce al'umma, ba gidan sarauta ba. Ya rubuta tarihin jarumai irin su Eulji Mundeok, wanda ya ragargaza rundunar daular Sui a 612, da Yi Sun-sin, sarkin yaƙin ruwa da ya hana Japan sakat a ƙarshen ƙarni na 16. A lokacin, maganin da yake gani shi ne a sake samun gwarzo guda.

Ya bar ƙasar a 1910, 'yan watanni kafin Japan ta haɗiye ta ɗungurungum, kuma bai sake komawa da zama ba. Ya yi aikin jarida a Vladivostok ta Rasha, ya zauna a Shanghai da Beijing. Abin da ya fi burge ni a wannan zamani na gudun hijira shi ne tattakin da ya yi zuwa Manchuriya don ya ga kufan daular Goguryeo da idonsa: kaburburan sarakuna, da ganuwoyi, da dutsen Sarki Gwanggaeto mai tsawon sama da mita shida da aka kafa a 414. Mutum ne da ko na abinci da ƙyar yake samu, amma ya yarda gani ya kori ji. Daga nan ya ƙara tsanar Kim Bu-sik, mawallafin Samguk Sagi na 1145, wanda ya zarga da rage wa Koriya tsawo don faranta wa Sin. Har ya ɗauki faɗuwar boren Myocheong na 1135, wanda Kim Bu-sik ɗin ne ya jagoranci rundunar da ta murƙushe shi, a matsayin ranar da ruhin dogaro da kai ya faɗi.

A nan dole a faɗi gaskiya. Shin yakan ja hujja fiye da inda za ta iya kaiwa, musamman kan zamanin Dangun, wanda almara ta ce shi ya kafa Koriya, da faɗin tsofaffin dauloli, kuma masana na yau ba su bi shi a wurare da yawa ba. Mai neman makami ne a cikin tarihi, mai neman makami kuwa ba ya cika tsayawa auna nauyin ƙarfe.

Bayan zanga-zangar neman ƴanci ta 1 ga Maris 1919, aka kafa gwamnatin wucin gadi a Shanghai, da shi a ciki. Zaman bai yi nisa ba. Syngman Rhee, wanda aka ba shugabancinta, ya riga ya roƙi shugaban Amurka Woodrow Wilson da a sa Koriya ƙarƙashin riƙon Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci. Ana ruwaito cewa Shin ya ce Rhee ya fi Yi Wan-yong, wanda ya miƙa wa Japan ƙasar, muni, domin shi Yi ƙasar da ke hannu ya sayar, Rhee kuwa ya sayar da wadda ba a ma karɓo ba. Ya fice.

Manyan da ya gani da idonsa suka sa ya daina jiran gwarzo. A Janairun 1923 ya rubuta wa ƙungiyar Uiyeoldan ta Kim Won-bong sanarwar juyin juya halin Koriya. Bai bar kowa ba a cikinta: masu neman ƴanci ta hanyar diflomasiyya, masu cewa a dakata a shirya tukuna, da masu roƙon ɗan ikon cikin gida a ƙarƙashin Japan. Ya ce talakawa ne kaɗai za su ƙwaci kansu, kuma da ƙarfin tsiya. Ƴan ƙungiyar kan tafi kai hari da takardar a jikinsu. Daga nan ya rungumi aƙidar ƙin kowace irin hukuma mai danniya, ta baƙo ko ta ɗan gida. Wanda ya fara da yabon janar-janar ya ƙare yana rubutu don manomi da lebura.

Rashin kuɗi ne ya kai shi hannu. A 1928 aka kama shi a Keelung ta Taiwan kan takardun aika kuɗi na jabu da aka shirya don ɗaukar nauyin ƙungiyarsu ta masu ƙin hukuma. Aka yanke masa shekara goma, aka kai shi kurkukun Lushun, inda aka rataye ɗan gwagwarmaya An Jung-geun a 1910. Yana ɗaure jaridar Chosun Ilbo ta riƙa buga babban aikinsa, Joseon Sanggosa, kashi-kashi a 1931, wanda a cikinsa ya fassara tarihi da gwagwarmaya tsakanin “mu” da “waɗanda ba mu ba”. Da jikinsa ya yi tsanani, an ce hukuma ta yarda ta sake shi in wani attajiri ɗan'uwansa mai ɗasawa da Japan ya tsaya masa. Ya ƙi. Ya rasu a kurkuku ranar 21 ga Fabrairu 1936, yana da shekara 55.

Tun da bai taɓa shiga rajistar iyali da Japan ta kafa ba, ko binne tokarsa a ƙauyensu kusa da Cheongju sai da ya zama wahala. Koriya ta Kudu ta ba shi lambar girma a 1962, amma bisa takarda ya ci gaba da zama marar rajista, domin sabuwar ƙasar ta gaji kundin da ƴan mulkin mallaka suka bari. Sai a 2009 aka rubuta sunansa, shekara 73 bayan rasuwarsa.