Ciwon Daji: Dalilin Da Bincike Ya Koma Kan Saƙar Da Ke Kewaye Da Ƙari

An daɗe ana ɗora laifin ciwon daji kacokan kan ƙwayar halittar da ta lalace. Yanzu masana sun karkata ga abin da ke kewaye da ita, wato saƙar furotin irin su kolajin, fibronektin da laminin, wadda ke riƙe kowace ƙwaya a mazauninta.

Tun 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya lura cutar ba barkatai take yaɗuwa ba: iri sai ya sami ƙasar da ta karɓe shi yake tsira. A 1997 kuma, a ɗakin binciken Mina Bissell da ke Amurka, aka toshe intagirin, furotin ɗin da ƙwaya ke kama saƙar da shi. Ƙwayoyin sankarar mama suka lafa, suka koma kusan kamar lafiyayyu.

Ƙari kan sa ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da shi su yi ta zuba kolajin, wani sinadari mai suna LOX ya ɗaure zaren tamau. Wannan na cikin dalilan taurin da mace ke ji idan ta taɓa ƙullutu a mamanta. Taurin na zuga ƙwayoyin su hayayyafa, zaren kuma ya miƙe su bi shi har jijiyar jini. A sankarar fankiriyas, naman da ke kewaye da ƙwayoyin cutar yakan fi su yawa, ya matse jijiyoyi har magani ya kasa shiga sosai.

To, me zai hana a taɓa saƙar? An gwada. Maganin Marimastat bai tsawaita rai yadda aka zata ba, sai ciwon gaɓɓai da ya haddasa. Maganin PEGPH20 ma ya faɗi a babban gwajin 2019. Abin da ya fi ɗaga hankali, a 2014 an kawar da ƙwayoyin da ke zuba kolajin a jikin ɓeraye masu sankara, cutar ta ƙara tsanani, suka mutu da wuri. Ashe wani sashe na saƙar tsare ƙarin yake yi. A ganina, aikin da ke gaba shi ne tantance zaren da ke cutarwa da wanda ke karewa.

Mu ma abin ya shafe mu. Yawancin sankarar hanta na tasowa ne a hantar da kolajin ya riga ya ƙanƙame, kuma ciwon hanta nau'in B na kan gaba wajen jawo hakan a yankinmu. Allurar rigakafinsa tana nan, ana yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Iyaye, kada ku bari ta wuce ’ya’yanku.