Nyos: Tafkin da Ya Yi Kisa Ba Tare da Ambaliya Ba

A Wagini in an ce tafki, abin da ke zuwa a rai shi ne ruwan da damina ta bari a gindin dutse ko a bakin dajin Rugu, a shayar da shanu, a buga tubali, bazara ta zo ta shanye sauran. Ba a tsoron tafki sai don kada yaro ya nutse. Akwai kuwa wani tafkin da ya kamata makiyayinmu ya san labarinsa.

Nyos ke nan, can kan tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru, kusa da garin Wum. Bakin tsohon dutse ne mai aman wuta da ruwa ya cika, zurfinsa ya haura mita 200. A yankin ne tsaunin Oku yake, mai tsayin mita 3,011. Ciyawar tuddan nan ce ta jawo Fulani tun farkon ƙarni na 20, har da Jafunawa, waɗanda sunansu daga Jahun ya samo asali.

Ranar Alhamis 21 ga Agusta 1986 da dare, tafkin ya yi gyatsa. Shekara da shekaru iskar kabon, irin wadda ke tayar da kumfa a lemon kwalba, tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a can ƙasan ruwa, nauyin ruwan sama ya danne ta kamar murfi. Da murfin ya ɓalle sai ta taso gaba ɗaya. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ta watse a sama ba. Kwari ta bi, ta malala ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, da yawa a inda suke kwance. Galibin waɗanda ke saman tudu sun tsira. Gari ya waye ruwan ya koma ja.

Abin takaici, wani tafkin mai suna Monoun ya yi irin haka a 1984, ya ci mutum 37, amma sai 2001 aka kafa bututun zuƙe iskar a Nyos, aka ƙara biyu a 2011.

Kada mai karatu ya ce abin na Kamaru ne. Gangaren Nyos kogin Katsina-Ala yake bi zuwa Taraba da Binuwai, kuma tsoron fashewar bangon tafkin na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila.