Mai Awo da Tsohon Abokin Ciniki: Ƙuri'ar 'Yan Latino a Amurka

A kowace kasuwar hatsi akwai magidancin da ya gaji mai awonsa. Rumfar da mahaifinsa yake zuwa ita yake zuwa, ko tayi ba ya yi. Sannu a hankali mai awo ya saki jiki. Mudun da a da ake cikawa har ya yi tozo ya koma shafe, gyara ta ɗauke, sai gaisuwa mai daɗi ta rage: “Alhaji, ya iyali?” Ranar da tsada ta kai magidancin bango, sai a gan shi tsugune a rumfar maƙwabci, mutumin da kowa ya san bakinsa ba linzami.

Haka ta kasance tsakanin jam'iyyar Dimokurat da 'yan Latino, wato Amurkawan da tushensu yake Meziko, Kyuba, Puwato Riko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Cinikin ya daɗe, kuma 'yan Rifablikan da kansu suka ƙara masa ƙarko a 1994, lokacin da Gwamna Pete Wilson na Kalifoniya ya goyi bayan dokar hana baƙin haure makarantun gwamnati da asibiti. A 2012 Barack Obama ya kwashe kashi 71 cikin 100 na ƙuri'unsu. Daga nan jam'iyyar ta ɗauka cewa gidan nata ne har abada.

A 2024, cikin 'yan Latino sama da miliyan 36 da suka cancanci zaɓe, kusan rabin waɗanda suka fito Donald Trump suka zaɓa, mutumin da ya buɗe kamfen ɗinsa na 2015 da aibata baƙi daga Meziko. Gundumar Starr a kudancin Texas, inda kusan kowa ɗan Latino ne, ta shafe sama da shekara 100 ba ta zaɓi ɗan Rifablikan shugaban ƙasa ba, sai a wannan karon. Gundumar Miami-Dade ma ta juya, karo na farko tun 1988.

Me ya kai su rumfar mai zafin baki? Na farko mudu. A Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin 100, kuma magini ko direban babbar mota ya fi kowa jin ta a kuɗin haya da cefane. Na biyu, mai awo ya ɗauki unguwa guda a matsayin gida ɗaya. A kwarin Rio Grande akwai iyalan da suke wurin tun kafin Texas ta ɓalle daga Meziko a 1836; 'ya'yansu na aiki a rijiyoyin mai, wasu ma jami'an tsaron iyaka ne. Ɗan Kyuban da iyayensa suka gudu daga mulkin Castro, da ɗan Benezuwelan da ya tsere wa Maduro, da sun ji an ambaci gurguzu sai su toshe kunne. Masu zuwa cocin bishara suna da nasu ra'ayin kan zubar da ciki. Duk waɗannan an yi ta yi musu gaisuwa ɗaya, wato maganar shige da fice, alhali mai ƙuri'a ɗan ƙasa ne, takardunsa na aljihu.

Sai dai wanda ya bar rumfa saboda awo, awo zai duba a sabuwar. Bayan Trump ya hau mulki, da jami'an ICE, hukumar kama baƙin haure, suka fara kame a wuraren aiki da unguwanni, farashi kuma bai sauko yadda aka yi alkawari ba, sai ƙafa ta fara komawa. A Nuwamban 2025 Mikie Sherrill da Abigail Spanberger na Dimokurat suka ci kujerun gwamna a New Jersey da Virginia da rinjayen 'yan Latino, a Disamba kuma Eileen Higgins ta zama magajiyar garin Miami, kujerar da jam'iyyar ta yi kusan shekara 30 ba ta hau ba.

Kada Dimokurat ta ce ɗan gida ya dawo. Mutumin ya koyi tayi, kuma tayinsa na da nauyi: a Arizona, inda kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaɓe 'yan Latino ne, da tazarar ƙuri'a ƙasa da 11,000 Joe Biden ya yi nasara a 2020, bayan shekara huɗu kuma jihar ta koma hannun Trump.