Tiyatar sauya gwiwa: Yadda kashe raɗaɗi ke sa majinyaci ya miƙe da wuri

Tiyatar sauya gwiwa, wadda 'yan Najeriya da dama ke tafiya Indiya ko Masar dominta, yanzu ana yin ta a cikin gida: a wasu asibitocin Abuja irin su Cedarcrest, da kuma Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano. Akan yi ta ne ga wanda amosanin gaɓɓai ya cinye masa guringuntsi, sai a cire wurin da ya lalace a sa ƙarfe da roba mai ƙarfi.

Abin da ke tsorata yawancin majinyata shi ne raɗaɗin da ke biyo baya, kuma yadda aka shawo kansa na da tasiri ƙwarai ga sakamakon aikin.

Maimakon a sa mutum barci gaba ɗaya, likitoci kan yi masa allurar baya, irin wadda ake yi wa mata a tiyatar haihuwa. Likita ɗan Jamus August Bier ne ya fara yin tiyata da ita a 1898. Tana kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa na tsawon awa biyu zuwa huɗu, majinyaci yana numfashi da kansa, kuma ba ya yawan fama da amai da maye bayan aiki. Jini kan sauka na ɗan lokaci, wasu kuma kan yi ciwon kai, amma shanyewar ƙafa da ake tsoro ba ta cika faruwa ba.

Da yake ƙarfinta kan ƙare da wuri, akan ƙara da wata allurar a cinya. Likita kan duba da na'urar sikanin, ya zuba magani kusa da jijiyar da ke ɗaukar saƙon zafi daga gwiwa, wanda kan yi aiki awa 12 zuwa 24. A baya an fi yin ta a matsematsi, sai dai hakan na raunana naman gaban cinya har majinyaci ya iya faɗuwa idan ya miƙe. Shi ya sa yanzu aka fi yin ta a tsakiyar cinya, inda zafi ke raguwa ƙarfin ƙafa kuma ya saura.

Wannan ne ke bai wa masu gashin ƙashi damar tayar da majinyaci ya taka da abin dogarawa cikin awa 24. Motsi da wuri na rage haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, yana kuma hana gwiwa sanƙarewa. Wanda zafi ya hana shi atisaye a makonnin farko, lanƙwasa gwiwa kan yi masa wuya daga baya.

Lokacin da allurar ta saki, zafi kan taso da ƙarfi, don haka ake fara shan magani kafin nan: farasitamol da magungunan kumburi a kan lokaci, masu ƙarfi irin su tramadol kuwa na 'yan kwanaki kawai bisa umarnin likita. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini ko na gargajiya, wajibi ne ya sanar da likita tun kafin ranar aiki.

Yawancin majinyata kan ajiye sanda cikin mako shida, su koma harkokinsu a wata uku, amma cikakkiyar warkewa kan kai shekara. Durƙuso da tsugunno kan yi wa da yawa wuya ko bayan warkewa, saboda haka ana shawartar iyalai su tanadi kujerar salla da masai na zama kafin a sallamo majinyaci. Zazzaɓi, kumburin sha-raɓa, ruwa daga wurin ɗinki ko sarƙewar numfashi kuwa alamu ne na a koma asibiti nan take.