Ɗaga Ƙafar Ƙaramar Mota: Inci Nawa Ya Isa?

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na yau na masu ƙananan motoci ne, waɗanda kwalta ke ƙarewa kafin su isa gona ko kasuwar ƙauye. Ba kowa ke da kuɗin Hilux ba. Mai Golf ko Starlet kan garzaya gareji ya ce wa bakanike: "Oga, a ɗaga mini ita." To, yaya ake yin wannan aiki da kuɗi kaɗan ba tare da an jawo wa kai asara ba?

(Kiɗa)

Yawancin ƙananan motoci, tsakanin cikinsu da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 16 ba, na Hilux kuwa ya haura 20. Shi ya sa a hanyar burji da manyan motoci suka yi wa kwari biyu, tudun tsakiya ke kankare salansa da kwanon baƙin mai.

Matakin farko ba ɗagawa ba ne, dubawa ne. Motar da ta shekara ashirin tana dakon buhuna, sifirin ɗinta ya riga ya kwanta, shokozoba ta mutu. Sau da yawa da an sa lafiyayyu, ko da na gwanjo ne, sai ta koma tsayinta na kamfani, mai ita ya ga ashe bukata ta biya.

Na biyu, taya. Ku duba lambobin da ke jikinta. Tayar da aka rubuta wa 175/70 R13, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari ne na faɗinta, wato wajen santimita 12. Idan aka sauya ta da 175/80, gefen ya zama santimita 14, mota ta tashi da kusan santimita biyu, kuma ta tashi gaba ɗayanta, har da ƙafafun da ke kusa da ƙasa. Amma a murɗa sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, a tabbata tayar ba ta gogar jiki. A kuma sani cewa agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 6 cikin ɗari, jan motar a hawa kuma zai ɗan ragu.

(Kiɗa)

Sai na uku, wanda aka fi yi, aka kuma fi kuskure a cikinsa: sa zoben ƙarfe ko na roba mai tauri a saman shokozoba, tsakaninta da jikin mota. Yana da araha, mai injin sassaƙa ƙarfe ma zai iya yanka shi. Matsalar tana wajen kauri. A motar da ke ja da ƙafafun gaba, shaf biyu ne ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi, kuma an ƙera su su yi aiki kusan a miƙe. Duk yadda aka ɗaga jiki, haka suke ƙara karkata. Robar da ke rufe gaɓarsu ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana. Inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, yawancin motoci na jurewa. Da an wuce inci biyu, kuɗin da aka yi tattali a zobe zai tafi a sayen shaf. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Bayan an ɗaura, a duba tiyon birki: idan aka ɗaga motar da jak tayar ta yi lilo, kada tiyon ya ɗame. Sannan a kai ta a daidaita ƙafafu, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya.

Abubuwa biyu kuma a guje su: yi wa sifirin walda, domin zafi na kashe ƙarfinsa ya karye a hanya, da kwance shi ba tare da maɗaurin da ke matse shi ba. Sifirin da ya kuɓuce na iya karya hannu, har ma ya yi kisa.

(Kiɗa)

Tsayi kaɗai ba ya sa mota ta zama ta daji. Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, a shekarar ce ta lashe gasar tseren Safari a Gabashin Afirka, alhali da ƙafafun baya kawai take ja. Sirrinta shi ne ƙafafu masu laushi da doguwar tafiya sama da ƙasa, masu bin gargada ba tare da sun rabu da ƙasa ba. Zobe ba ya ƙara wa mota wannan.

Don haka, in kuɗi ya rage, a sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji ya tsare kwanon mai. A rairayi, a rage iskar taya, a mayar da ita da an hau kwalta. A kuma tuna motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa a kwana, musamman in an lafta mata kaya a bisa, sai a sassauta gudu.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gida lafiya. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)