Kaya ɗaya, farashi iri-iri: Yadda kamfanoni ke auna aljihun mai saye

A watan Satumbar 2000, wasu masu sayen fayafayan fim a shagon Amazon na intanet suka gano cewa faifai ɗaya ake sayar musu a kan kuɗi daban-daban. Ɗaya daga cikinsu ya goge bayanan kwamfutarsa da ke nuna cewa shi tsohon abokin ciniki ne, nan take farashin ya sauka. Da maganar ta bazu, kamfanin ya ce gwaji ne kawai yake yi ba tare da duba ko wane ne mai sayen ba. Duk da haka shugabansa Jeff Bezos ya amsa cewa kuskure ne, aka kuma mayar wa dubban mutane rarar kuɗinsu.

Yau, abin da Amazon ya nemi afuwa a kai ya zama sana'a mai zaman kanta, har da kamfanonin da aikinsu ke nan: su sayar wa 'yan kasuwa manhajar da za ta ƙiyasta iyakar abin da kowane mutum zai iya biya.

Bambanta farashi ba sabon abu ba ne. Tun a 1920 masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Arthur Pigou, ya kasa shi gida uku: ragi ga wanda ya sayi kaya da yawa, ragi ga wani rukuni kamar ɗalibai ko tsofaffi, sai na ƙoli, wato a karɓi daga hannun kowa daidai ƙarshen abin da zai yarda ya bayar. A zamaninsa wannan na ƙoli a littafi kawai yake, domin babu ɗan kasuwar da ya san cikin kowa. Ko mai shago a Kantin Kwari da ke duban shaddar mutum da takalminsa kafin ya yi suna, hasashe yake yi, kuma mai sayen na da damar ya taya, a ce masa albarka, ya matsa shago na gaba ya ji nasu. Wannan damar ce wayar hannu ta rage. Mutum na zaune shi kaɗai da allonsa, bai san abin da aka nuna wa maƙwabcinsa ba, alhali kamfanin ya san unguwarsa, da irin wayarsa, da abin da ya saya bara, da sau nawa ya leƙa kayan ya fasa.

A 2012 jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo misalai biyu da har yanzu ake kafa hujja da su. Na farko, kamfanin Orbitz mai kama wa matafiya ɗakunan otal ya lura masu amfani da kwamfutar Mac sun fi kashe kuɗi a masauki, sai ya riƙa jera musu otal masu tsada a sama. Farashin ɗaki bai canza ba, amma abin da ido ya fara gani ya canza. Na biyu ya fi ɗaure kai. Shagon Staples mai sayar da kayan ofis yana rage farashi ga wanda yake kusa da shagunan abokan hamayyarsa, ya bar shi da tsada ga wanda ke nesa. Tunda manyan shaguna sun fi yawa a unguwannin masu hali, sai ya kasance sau da yawa masu kuɗi ne ke samun rahusa, marasa ƙarfi da mutanen karkara su biya fiye. Babu wanda ya zauna ya ce a cuci talaka. Lissafin ne ya kai ga haka, kuma babu wanda ya damu ya duba.

Irin wannan ya sake faruwa a 2015, lokacin da kafar bincike ta ProPublica ta duba kuɗin darussan share fagen jarrabawa na kamfanin Princeton Review a Amurka. Farashin ya danganta da lambar yankin da mutum yake zaune, daga dala 6,600 zuwa 8,400, kuma yankunan da 'yan asalin Asiya suka fi yawa sun kusan ninka sauran wajen yiwuwar ganin farashi mai tsada, ko da kuwa unguwar ta marasa ƙarfi ce. Manhajar ba ta tambayi kowa launin fatarsa ba. Ba ta ma buƙatar tambaya, adireshi ya wadatar.

Ya kamata a raba wannan da hawa da saukar farashi saboda yawan masu nema, irin wanda fasinjojin Uber da Bolt a Legas da Abuja suka saba gani idan an yi ruwan sama ko an tashi daga aiki. Wannan kowa yake shafa a lokaci guda, ko da yake shi ma yana da ranar kunyarsa: a Disambar 2014, yayin da wani ɗan bindiga ya yi garkuwa da mutane a birnin Sidni na Ostareliya, kuɗin Uber ya ninka har sau huɗu ga masu gudun tsira, sai da kamfanin ya ba da haƙuri. Matsalar ita ce daga waje ba a iya bambance hawan farashi na kowa da kowa da wanda aka yanka wa mutum shi kaɗai. A 2016 wani babban mai bincike na Uber ya faɗa a gidan rediyo cewa sun lura wanda batirin wayarsa ya kusa mutuwa ya fi saurin amincewa da kuɗi mai tsada, ya ƙara da cewa ba sa amfani da wannan wajen yanka farashi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma fasinja ba shi da hanyar tabbatarwa. Haka a Janairun 2025 hukumar kare masu saye ta Indiya ta nemi bayani daga Uber da Ola kan zargin cewa masu iPhone na biyan fiye da masu Android, kamfanonin biyu suka musanta.

Masu kare tsarin ba su rasa hujja ba. Wasu masana biyu, Jean-Pierre Dubé da Sanjog Misra, sun yi gwaji da kamfanin ZipRecruiter mai tallata guraben aiki, suka gano cewa idan aka yanka wa kowa farashinsa, fiye da kashi 60 cikin ɗari na abokan ciniki za su biya ƙasa da farashin bai-ɗaya da ya fi kawo riba. Ke nan akwai wanda da ba zai iya saye ba sam, yanzu ya samu shiga. Sai dai binciken nan dai ya nuna ribar kamfani ta ƙaru, amfanin da masu saye ke samu a jimlace kuma ya ragu. Wannan ne ya sa haramta abin ɗungurungum bai dace ba, barinsa sakaka kuma ya fi muni.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Tarayyar Turai, tun daga Mayun 2022, ta wajabta wa mai sayarwa ta intanet ya sanar idan na'ura ce ta yanka wa mutum farashi na kansa. Jihar New York ta Amurka ta kafa makamanciyar dokar a 2025. China, inda jama'a suka daɗe suna ƙorafin cewa manhajoji sun fi tsawwala wa tsofaffin abokan ciniki, ta sa a dokarta ta kare bayanan mutane, wadda ta fara aiki a Nuwambar 2021, cewa ba a yarda da bambancin farashi marar dalili ta hanyar na'ura ba. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka kuwa, a Yulin 2024 ta umarci kamfanoni takwas, ciki har da Mastercard da JPMorgan Chase da McKinsey, su bayyana yadda suke wannan aiki. Rahotonta na farko a Janairun 2025 ya nuna ana iya amfani da komai, daga wurin da mutum yake har zuwa yadda yake motsa linzamin kwamfuta da kayan da ya zuba a kwando bai biya ba.

Sanarwa kaɗai ba ta isa ba. Wanda aka gaya masa cewa an yanka masa farashi na musamman, amma ba a gaya masa nawa sauran mutane ke biya ba, bai ƙaru da komai ba sai zargi. Matakin da ya fi kama hanya shi ne na Birtaniya. Can kamfanonin inshorar mota da gida sun daɗe suna jawo sabon mutum da rahusa, sannan su riƙa ƙara masa kuɗi kowace shekara idan lissafi ya nuna ba mai yawon neman sauƙi ba ne, galibi tsofaffi. Daga 1 ga Janairun 2022 hukumar kula da harkokin kuɗi ta ce ba za a caji mai sabuntawa fiye da abin da za a caji sabo irinsa ba. Ba ta yanka wa kowa farashi ba, ta dai toshe dabara guda da aka tabbatar tana cutarwa. Malaman fikihu ma sun daɗe da tattauna hukuncin tsawwala wa wanda bai san farashin kasuwa ba, ya miƙa wuya ga amanar mai sayarwa, kuma da yawansu sun ba shi zaɓin warware cinikin.

Nijeriya na da dokar gasa da kare masu saye ta 2018 da dokar kare bayanai ta 2023, kuma hukumarta ta gasa da kare masu saye, FCCPC, ta nuna tana iya tunkarar manya lokacin da ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a 2024. Abin da zai yi wuya shi ne gano laifin tun farko, tunda babu wanda zai kai ƙara kan farashin da bai taɓa gani ba. Sai hukuma ta samu ikon buɗe manhajar ta duba, da ma'aikatan da za su riƙa gwada saye da wayoyi iri-iri daga garuruwa daban-daban, kamar yadda 'yan jaridar nan suka yi wa Staples, kafin a san ko mai odar kaya daga Gusau na biyan fiye da na Lekki saboda nisan hanya ne ko saboda babu wani shagon da zai juya.