Girman Kai Rawanin Tsiya

(KIƊA, SAI A RAGE SAUTI)

MAI GABATARWA: Shirinmu na musamman a yau zai leƙa koyarwar Kirista a kan wata cuta da mai ita ba ya jin zafinta, wato girman kai.

A Bisharar Luka, sura 18, Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Na farko Bafarisiye ne, mai azumi sau biyu a mako, mai fitar da ushirin duk abin da ya samu. Bai yi ƙarya ba. Sai dai addu'arsa ta koma lissafin nagartarsa, har da ƙyamar wanda ke bayansa. Na biyun mai karɓar haraji ne, wanda jama'a ke ƙi. Ya tsaya nesa, kai a sunkuye, yana roƙon jinƙai kawai. Shi ne ya koma gida karɓaɓɓe a wurin Allah.

Nan haɗarin yake. Agustin, bishop na Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya lura cewa sauran zunubai a mugun aiki suke zama, shi kuwa girman kai yakan laɓe cikin aikin kirki ya ɓata shi. Fafaroma Giregori, wanda ya jagoranci ikilisiya daga 590 zuwa 604, ya kira shi tushen manyan zunubai bakwai.

(KIƊA)

To, ina magani? A Yohanna sura 13, daren da za a kama shi, Yesu ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawan gida ke yi. Almajirinsa Bitrus ma da farko ƙi ya yi. Har yau majami'u da yawa na maimaita wannan a ranar Alhamis kafin Ista. A 2013, Fafaroma Faransis ya yi nasa a gidan yarin matasa a Roma, inda ya wanke ƙafafun fursunoni 12, har da mata da Musulmi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko dattijon majami'a ne kai, ko shugabar zumuntar mata ce ke, akwai wanda ka raina, akwai wadda kika daina gaisarwa. Da su za a fara. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.